Zagayen hamada da mota mai ɗaki a lokacin sanyi, don Allah wanda ya san hanya ya faɗa mana gaskiya

Ɗan_Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah kar a mai da abin wasa don mu da gaske muke.

Mu biyar ne, abokai tun na firamare, majalisarmu ɗaya a Gwammaja. Biyu 'yan Kwari ne, ɗaya yana harkar waya a Farm Centre, ɗaya malamin makaranta, sai ni. To akwai ɗaya cikinmu da ya ishe mu da bidiyon Turawan nan masu yawo cikin hamada da motar da aka yi wa ɗaki a ciki, RV ɗin nan, ga gado ga kicin ga banɗaki har da firji, su je su faka a tsakiyar fili ba gida gaba ba gida baya su hura wuta su kwana su tashi su ƙara gaba. Tun muna masa tsiya har abin ya zo ya shiga ranmu mu ma, yanzu maganar da ake kusan kullum bayan isha'i sai an tayar da ita.

Tsarin da muka yi shi ne mu nemi tsohuwar Kosta ko Homa bas mu cire kujerun baya, a kai ta Ƙofar Ruwa a yi mana walda a ɗora katako da katifu, mu sa sola a sama da batir da inbata, tukunyar gas ta girki, jarkokin ruwa, shikenan. Lokacin da muka tsayar ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu, don malamin cikinmu yana hutu kuma ai babu mai hankalin da zai shiga Sahara da bazara. Hanya kuma mun ce Kano, Daura, Kongolam, Damagaram, Tanut, Agadas, daga nan in hali ya yi mu ɗan kutsa cikin hamadar Tenere da ke gabas da Agadas mu ga tulin yashin nan da idonmu.

Abin da nake so na sani, ita Kosta za ta iya wannan tafiyar? Sanyin can ya kai yadda ake faɗa ko dai irin namu ne na Kano da bargo ɗaya ya isa? Waɗanne takardu ake nema a boda yanzu? Sannan wanda ya taɓa hawa ainihin RV ɗin a waje ya gaya mana yadda abin yake, don ɗaya daga cikin 'yan Kwarin cewa yake gara mu haƙura mu tara kuɗi mu je inda ake haya mu yi ta sosai. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Tsohon_Direba:

Wa alaikumus salam. Yarona ni na ci abinci a wannan hanyar shekaru masu yawa, babbar mota na ja tsakanin Kano da Agadas har Arlit, to bari na gaya maka abin da na sani, in ka ga dama ka ɗauka.

Daga nan zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne, wannan kam Kosta za ta kai ku lafiya lau, ko Golf ma tana zuwa. Daga Damagaram zuwa Agadas wajen 450, ta Tanut da Adarbisanat, a nan ne mota take fara faɗa maka gaskiyar lafiyarta, domin akwai inda kwalta ta cinye akwai inda iska ta kwaso yashi ta shimfiɗa a kan titi, amma dai da lallaɓawa ana wucewa. To daga Agadas ka ce za ka yi gabas ka shiga Tenere da Kosta, wannan kam ka cire shi daga ranka tun yanzu. Can babu titi, sawun taya ne kawai, shi ma iska ta tashi da dare da safe babu shi. Kosta taya baya kaɗai ke ja, ga nauyi, ga ta doguwa cikinta kusa da ƙasa, kun kuma ƙara mata katako da ruwa da ƙarfen walda, wallahi ba za ku yi nisan da za ku daina hango hasumiyar masallacin Agadas ba za ta kafe. Masu shiga can Land Kuruza da Hilux suke ja masu fowil, su ma ba mota ɗaya ba, biyu ko uku suke jerawa, da Buzu ɗan jagora wanda ya san rijiyoyi, da wayar Turayya mai aiki da tauraron ɗan'adam don babu sabis. Daga Agadas zuwa Bilma ya haura kilomita 500 kuma tsakani in ka cire Fashi da 'yan rijiyoyi babu komai. Akwai wata bishiya ƙwaya ɗaya tal da ta yi suna a Tenere, matafiya da ita suke gane hanya, a 1973 wani direba ya banke ta da mota, yanzu gangar jikinta tana gidan tarihi a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Ka ga filin da bishiya ɗaya ta zama alamar hanya ai ka san irin filin da ake magana.

Kuma kar ku manta da abin da ya faru a Oktoban 2013, mutum 92 aka tsinci gawarsu a arewacin Arlit kusa da bodar Aljeriya, yawanci mata da ƙananan yara, Hausawa 'yan uwanmu daga wajen Kance. Ba harbinsu aka yi ba, motocinsu ne suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Kuma Oktoba fa, ba tsakiyar bazara ba.

Batun sanyi da ka tambaya, na Kano wasa ne. Da rana za ka ji daɗi har ka cire rigar sanyi, amma rana na faɗuwa kamar an kashe wuta, saboda iskar can a bushe take ƙayau babu gajimare babu laima da za ta riƙe zafin da ƙasa ta sha, duk sai ya tashi sama. Wajen ƙarfe huɗu na asuba shi ne maganar. A cikin duwatsun Azbin wajen Timiya da Bagzan ruwan buta yakan yi ƙanƙara. Kuma jikin mota ƙarfe ne, kwana cikin bas da ba a yi wa rufin ciki ba ya fi kwana a tanti sanyi, mu a ƙarƙashin mota muke shimfiɗa tabarma mu kare iska da tamfol.

Sai tsaro, wanda shi ne ma ya kamata na fara da shi. Tun da aka samu zinare a Jado can arewa maso gabashin Nijar a 2014 hanyoyin arewa suka cika da 'yan fashi masu manyan bindigogi, motocin da ke zuwa Dirku wajen Bilma ma ayari suke yi da rakiyar soja. A farkon 2025 har cikin garin Agadas aka shiga aka ɗauke wata Baturiya. Ku ba Turawa ba ne amma bas mai sola a ka da samari biyar 'yan Najeriya masu manyan wayoyi suna ɗaukar hoto, jandarma ma kaɗai sai sun wahalar da ku da tambaya a kowane shinge kafin a zo ga ɓarayi. Boda kuma ka san an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka buɗe a Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka batun takardu kar ka dogara da abin da wani ya faɗa maka bara, ka je tashar Ƙofar Ruwa ko wajen direbobin Damagaram masu shiga kullum ka tambaya satin da za ku tashi. Amma dai fasfo, katin allurar shawara mai ruwan ɗorawa, takardun mota na asali da sunan wanda ke cikin motar, inshora, da takardar shigar da mota ta duwan, wato kwastan ɗin Nijar, waɗannan ba sa canjawa.

Ni ban ce kar ku je Agadas ba, gari ne da ya kamata duk Bakano ya gani, kakanninmu da nasu sun yi ciniki ɗaruruwan shekaru, gishirin kantu da ake kawowa daga Bilma da turkuɗin Kura da suke naɗawa ai tsohuwar hulɗa ce. Hasumiyar masallacin nan ta laka mita 27 ce, tun 1515 aka fara gina ta. Amma ku je a motar haya ku sauka a masauki in lokaci ya yi kyau. Wannan na kwana a daji a bar shi tukuna.

Kwankwason_Fagge:

Hhhhh Baba ka gama magana. Ni abin da ya ban dariya ma 'yan Kwari ne za su rufe shago ƙarshen Disamba su tafi kallon yashi, lokacin da ake cikin bukukuwan aure ana ɗibar atamfa da shadda? Wlh kafin ku kai Kazaure waya ta fara ƙara, Alhaji ga baƙi daga Marwa sun zo, sai a juyo da Kosta. Ku dai ku fara gwada kwana ɗaya a Tiga ko bayan Dambatta mu gani in ba a yi faɗa a kan bargo ba.

Bakano_a_Arizona:

Salam. Ɗan uwa ni a Phoenix nake zaune kuma mun taɓa haɗa kuɗi da wasu abokai muka yi hayar irin motar da kake magana lokacin hutun sanyi, to bari na faɗa maka abin da bidiyo ba ya nunawa.

Na farko hamadar da kuke gani a bidiyon nan yawanci ba irin tamu ba ce. Ta Arizona da Kalifoniya ƙasa ce mai tauri da tsakuwa da ƙananan itatuwa, kuma wurin da kake ganin mutum ya faka kamar shi kaɗai ne a duniya, in da mai kyamarar zai juya za ka ga kwalta ba nisa, da gidan mai da kanti minti ashirin ko talatin. Ita RV ba motar yashi ba ce sam, gida ne aka ɗora a kan taya, kamfanonin haya ma da yawa a cikin yarjejeniya suke rubuta cewa in ka sauka daga kwalta ka lalata ta inshora ba ruwanta.

Akwai wani ɗan gari Quartzsite a kan babbar hanyar I-10 kusa da iyakar Kalifoniya, mazaunansa na dindindin ba su kai dubu uku ba, amma duk Janairu sai ya cika maƙil da waɗannan motoci, yawanci tsofaffi 'yan fansho da suka gudo wa ƙanƙarar jihohin arewa da Kanada, ana kasuwar duwatsu masu daraja da baje kolin motocin. Filin da ke kewaye na gwamnatin tarayya ne, akwai inda za ka zauna kwana 14 kyauta sai ka matsa, akwai kuma inda ake yankar takarda ta dogon zama daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu, nan an tanadi famfon ruwa da wurin zubar da shara da na juye tankin banɗaki. Abin da ya burge ni a garin, akwai kabarin wani mai raƙuma da ake kira Haji Ali, Turawa suna ce masa Hi Jolly, sojan Amurka ne suka kawo shi a 1856 lokacin da suka gwada amfani da raƙuma a hamada, a nan ya rasu a 1902, an gina masa ɗan dala da siffar raƙumi a sama. Ka ga su ma da suka tashi shiga hamada da gaske sai da suka nemo mai raƙumi.

To batun tankin banɗakin nan shi ne inda abota take gwaji. Motar tanki uku gare ta, na ruwa mai kyau, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na bayan gida. Mutum biyar kuma Musulmi masu alwala sau biyar da tsarki da ruwa, ba kamar Bature mai takarda ba, ruwan da aka ce zai yi sati cikin kwana biyu zuwa uku ya ƙare kuma tankin ƙazanta ya cika, dole a nemi wurin juyewa, mutum ya sa safar hannu ya jona tiyo ya buɗe, kuma ina tabbatar maka kowa sai ya ce ba shi ne da layi ba yau. Ku raba wannan aikin tun kafin a tayar da mota, a rubuta ma in ta kama.

Sannan shan mai. Matsakaiciyar nan da aka fi haya, lita ɗaya kilomita huɗu take yi ko ƙasa da haka, bayan kuɗin kowane dare kuma wasu kamfanonin suna cajin kowane mil da awannin janareta daban. Lasin na ƙaramar mota ya isa a ja yawancinsu, amma iska in ta bugo ta gefe a kan babbar hanya sai ka riƙe sitiyari da hannu biyu kana salati.

Sanyi kuma ya danganta da tudu. Kwarin Death Valley na Kalifoniya da aka auna zafi digiri 56.7 a 1913, wanda wani sashensa yake mita 86 ƙasa da teku, a Janairu wuri ne mai daɗi da rana. Amma ka hau tudun wajen gandun Joshua Tree ko arewacin Arizona da dare sai ya sauka ƙasa da sifiri, bututun ruwan motar ya daskare ya fashe, kuɗin gyara a kanka. Hita ɗin motar gas take sha amma fankarta batir take ja, in ba ka lissafa ba tsakar dare batir ya mutu ku kwana kuna rawar ɗari.

Gaskiya akwai daɗi, ban taɓa ganin taurari irin na can ba. Amma in ka haɗa biza da tikiti da haya na mutum biyar a canjin yanzu, ka je Wapa ka tambayi dala ka lissafa da kanka. Ni da zan ba ku shawara in dai sai an fita waje, ku duba Saudiyya ko Maroko, sun fi kusa kuma ba ruwanku da neman abincin halal. AlUla tana arewacin Madina tafiyar awanni kaɗan a kwalta mai kyau, Larabawa kansu lokacin sanyi suke fita daji da tantuna.

Maman_Hanif:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Kano, ban san komai a kan mota ba amma da na karanta an ce katifu da tukunyar gas a cikin bas kuma lokacin sanyi sai gabana ya faɗi, shi ya sa na ce sai na sa baki.

Don girman Allah ƙannena ko ina kuka je, kar ku shigar da kaskon gawayi cikin mota ku rufe gilashi, kar ku kunna risho ko gas don ɗumama ciki, kar ku bar janareta yana aiki a jikin motar ko injin motar a kunne kuna barci. Duk shekara lokacin hunturu sai an kawo mana irin wannan daga cikin gari, ɗaki a rufe da garwashi. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ba hayaƙin da kake gani ba ne, ko garwashin ya yi ja ya daina hayaƙi tana nan tana fita, tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke buƙata. Mutum zai fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, sai ya ce gajiyar hanya ce bari ya kwanta, to kwanciyar kenan. Kuma duk wanda ke ciki tare take kama su, babu mai tashin wani. Cikin bas kuwa bai kai rabin ɗaki ba. In kun ga mutum biyu sun tashi da ciwon kai lokaci guda ku buɗe ƙofa ku fito waje tukuna kafin a yi wata magana. Akwai ɗan na'ura mai batir da ke ƙara in iskar ta taru, ku nema ku rataya, ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba.

Ɗumi a jiki ake nemansa, ku je Ƙofar Wambai ku sayi rigunan sanyi na gwanjo masu kauri, a saka biyu ko uku a jere ya fi guda ɗaya ƙatuwa, da hular sanyi da safa, kuma abin da za ku shimfiɗa a ƙasa ya fi abin rufa muhimmanci.

Na biyu ruwa. Da sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa amma busasshiyar iskar nan tana tsotse shi, sai ka ga leɓe ya fashe ana haɓo ana ciwon kai fitsari ya yi ja. Kowa ya lissafa wa kansa aƙalla lita huɗu zuwa biyar na sha kawai a rana, ban da girki da alwala. Ku tafi da gishirin ORS, basilin, maganin ɗigawa a ido, takunkumi saboda ƙura, kuma in akwai mai asma a cikinku ya riƙe inhela biyu ɗaya a aljihu ɗaya a jaka. A kakkaɓe takalmi da safe kafin a zura ƙafa saboda kunama.

Ɗan_Gwammaja:

Kai jama'a na gode ƙwarai. Baba Allah ya ƙara girma, na karanta wa mutanen majalisa abin da ka rubuta jiya, wanda ya kawo maganar Tenere ɗin shiru ya yi sai cewa ya yi a tura masa. Anti Maman Hanif wallahi kasko yana cikin lis ɗinmu, ɗaya daga cikinmu har ya ce zai kawo buhun gawayi, an goge shi yanzu. Yaya na Arizona mun gode, mun lissafa, ba wannan shekarar ba hhh.

To yanzu tambayar ta koma haka, a nan cikin Najeriya babu inda za mu samu yashi na gaske mu kwana biyu ko uku mu dawo? Na taɓa jin ana maganar wani wuri a Yobe. Kuma batun gyara bas ɗin har yanzu muna so, don ko ba hamada za ta yi mana amfani wajen zuwa biki ko ziyara.

Mai_Kifin_Gashua:

Tulo-Tulowa kake nufi, a ƙaramar hukumar Yusufari take can arewa dab da bodar Nijar. Ni ɗan Gashuwa ne ina kawo busasshen kifi Kano. Malam in dai tulin yashi kake son gani mai tsayi wanda za ka hau kana haki, da kwari a tsakiya mai ruwa da dabino da goruba da kanwa, to akwai shi a can, ba sai ka yi fasfo ba. Akwai kuma Bulatura duk a yankin, tana cikin gandun dajin Chad Basin na tarayya.

Hanya ku bi Haɗeja ku faɗa Nguru ku wuce Gashuwa, duk kwalta ce, bas ɗinku za ta je. Amma daga Yusufari zuwa ciki maganar Baba ce dai ta dawo, yashi ne zalla, sai ku ajiye bas a gari ku ɗauki hayar fowil da direban wurin, su suka san inda ake bi, za ka ga kafin su shiga sun sace iskar taya ta yi laushi don ta baje a kan yashi kar ta nutse. Kuma kar ku shiga kai tsaye kamar kun zo gonar babanku, ku fara zuwa wajen hakimi ko lawani ku gaisa ku faɗi abin da ya kawo ku, ku sanar da jami'an tsaro, don yankin boda ne kuma gabas da nan wajen Gaidam da Yunusari an sha fama da hare-hare, baƙi biyar da ba a san su ba su kafa tanti a bayan gari ba abin da za a ƙyale ba ne. Shawarata ku wuni a yashin ku dawo cikin gari ko gefen gidan mai gari ku kwana, kuma ku tambayi halin da ake ciki a satin, ba wata guda kafin nan ba. In mutanen wurin suka ce kar a shiga to kar a shiga.

Abin da ma zai fi ba ku sha'awa a wannan lokacin wanda ba ku sa a lissafi ba, fadamar Haɗeja da Nguru. Disamba da Janairu ne tsuntsaye suke zuwa daga Turai gudun sanyi, su ma ƙetaro Saharar suke yi, a Dagona kusa da mu da Baturiya ta Jigawa za ka ga agwagin ruwa da sauran su dubbai, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin ma ya zo Dagona a 1989 saboda su. Da sassafe ake zuwa a kwalekwale. Sai dai ku yi addu'a kar hazo ya sauko sosai, don in ya yi kauri ba tsuntsu ba taurari ba hoto, kuma solar da kuke taƙama da ita ƙura za ta rufe ta, kullum sai an goge da tsumma. In kuka daidaita tafiyar ta faɗo Alhamis ku biya ta Gumel ku shiga kasuwar Maigatari ku ga raƙuma.

Guzuri kar ku wahalar da kanku da firji, sanyin ya isa. Kilishi, dambun nama, garin kwaki da ƙuli, dabino, taliya, kayan shayi. Kifi kuma ku bari sai kun zo.

Tsohon_Direba:

Wannan ta Yobe ta fi kama hankali. Abu ɗaya zan ƙara, kafin ku fita ku naɗa mutum ɗaya shugaban tafiya, hadisi ne ma a Abu Dawud in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu, kuma kuɗi a hannun mutum ɗaya daban, a ajiye wani kaso da ba a taɓawa sai mota ta lalace. Shi shugaban in ya ce a tsaya a kwana to a tsaya, kar a yi tuƙin dare, raƙumi da jaki ba su da fitila. Ƙasaru ta halatta gare ku tunda tafiyar ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba, taimama ma tana nan in ruwa ya yi ƙaranci, amma ku tambayi malaminku ya warware muku kafin ku tashi kar a je can ana musu.

Injiniya_Kwakwaci:

Ni dai a matsayina na bakanike ban goyi bayan yanka bas ɗin nan ba ko kaɗan oga. Ka sayi Kosta da miliyoyi ka cire kujeru ka huda jikinta ka yi walda, ranar da za ka sayar wa za ka sayar wa? Ɗan haya ba zai saya ba. Ga 'yan bi'ayo da rodi sefti duk inda suka gan ta sai sun tambaye ka takardar canja fasalin mota, ga silindar gas a ciki tana gwaruwa a kan ramuka, ga wayarin ɗin sola in yaron da bai iya ba ya haɗa ba fiyus a kusa da katifa, ka san sauran. Kuma walda da katako a sama yana sa mota ta riƙa rinjaya a kwana.

In ni ne ku, Homa bas ɗaya za ku yi haya da direbanta, ku kwance layin kujeru biyu na baya kawai waɗanda ake mayarwa da noti, kaya su zauna nan, ku sayi tanti biyu da tabarmi da tamfol, girki a waje kwana a tanti. Kuɗin da za ku kashe a walda ya isa hayar fowil ɗin da mai kifi ya faɗa har da canji. Duk motar da za ku ɗauka dai a duba lagireto da tiyo-tiyonsa, a tafi da fambel, iyakilina sabuwa guda ɗaya a ajiye don ƙurar hunturu tana toshe ta mota ta riƙa shan mai tana rasa ƙarfi, kullum da safe a cire a kakkaɓe, safaya taya biyu ba ɗaya ba, jak da faffaɗan katako da za a ɗora shi a kai don a yashi nutsewa yake, shebur, igiyar ja, da ɗan famfon iska mai jona wa batir. Batir ɗin motar ma in ya tsufa a canja, da sanyin asuba ne yake ƙin tashi musamman mai dizal, kuma kar ku riƙa cajin wayoyi biyar a kansa mota a kashe.

In kun samu motar kafin ku biya kuɗin haya ku kawo ta gareji da safe tun injin bai yi zafi ba mu tayar mu ji, mai motar in ya ce sai dai da rana to ku nemi wata.